FILAWUD DA SUKURU: TARIHIN ABIN DA MUKE TAKAWA, DA NASIHA GA KAFINTOCINMU NA BAB MAKKA

'Yan'uwana ma'aikata, musamman ku matasan da kuka shigo Jidda kwanan nan kuka kama aikin kafinta, ko kuke bin wani mu'allim kuna riƙe masa katako. Rubutun yau yana da tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. In ba ka da lokaci yanzu ka ajiye shi sai ka tashi daga aiki.

Maganar a kan shimfiɗa filawud ce, wanda Larabawa ke kira ablakash, da ɗaure shi da sukuru, wato burgi a bakinsu. Ɗan benen ajiye kaya da ake yi a saman shago, daɓen fotakabin, dandamalin taro, katakon da ake shimfiɗawa a istiraha, duk wannan aikin ne. Da yawanmu an nuna mana yadda ake yi, amma ba a gaya mana dalili ba. Wanda kuwa bai san dalili ba, ranar da muƙawil ya ce masa yalla yalla, a ranar zai zubar da ƙa'ida. Dalilin yana cikin tarihin garin nan da muke zaune.

GARIN DA BA SHI DA DAJI

Tun shekara ta 26 bayan hijira, zamanin Halifa Usmanu, aka mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a maimakon Shu'aiba. A 1509 wani kwamanda mai suna Husaini al-Kurdi ya kewaye ta da ganuwa bisa umarnin Sarkin Masar Ƙansuh al-Guri, saboda tsoron Turawan Fotugal, waɗanda suka zo da jiragensu a 1517 suka koma ba su ci garin ba. Bab Makka ita ce ƙofar gabas, ta nan ayarin alhazai ke fita. An rushe ganuwar a 1947, ƙofar da kake gani yanzu sake gina ta aka yi.

To ka shiga ta wajen Suƙ al-Badu ka bi Suƙ al-Alawi, ka ɗaga kanka sama. Gidaje ne masu hawa huɗu, wasu biyar, an gina su da dutsen murjani da ake sarowa daga bakin teku, wanda suke kira mangabi. Dutse ne mara nauyi, mai ramuka, ba ya son a danne shi a wuri ɗaya. Dabarar maginan ita ce, duk bayan kamar mita ɗaya sai su kwantar da katako a cikin bangon, suna kiransa takalil. Shi ke raba nauyi, shi ke hana tsaga ta bi bango daga ƙasa har sama. Daɓen bene kuma, sai su jera sandunan gandal, su shimfiɗa tabarmar kaba a kai, su bi da ƙasa da farar ƙasa. Duk wanda ya tashi a gidan soro a Kano ko Zariya ko Katsina ya san wannan: azara ce da asabari da laka, sunan ne kawai ya bambanta.

Jidda ba ta da daji, saboda haka katakon ta ruwa yake zuwa, daga Indiya da tsibiran Jawa da sauran wurare. Bayan buɗe mashigin Suwes a 1869 kasuwa ta buɗe, attajirai suka yi ta gina manyan gidaje. Gidan Nasif, mai bishiyar darbejiya a ƙofa, an fara shi a 1872 aka gama a 1881, a cikinsa Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo garin a 1925. Tagogin nan na katako da suka ɓullo waje, rawashin, ka matsa kusa ka duba. Yawancin haɗinsu sassaƙa ne, an fere wannan ya shiga cikin wancan, ƙananan allunan suna zaune a cikin kwarmi, ba a matse su ba.

Me ya sa? Saboda kafintocin sun san katako yana numfashi. Iskar Jidda mai laima ce, katako ya sha ya kumbura, in an samu bushewa ya tsuke. In ka ɗaure shi tamau, ko dai ya tsage ko ya bankare. Ƙarfe kuma gishirin teku yana cin sa. Saboda haka suka bar wa katako wurin motsi, suka rage dogaro da ƙarfe. Riƙe wannan, don duk ƙa'idojin da zan kawo a ƙasa daga nan suka fito.

Kuma kada ka ɗauka mu baƙi ne a wannan tarihi. Wani Bature ɗan Suwizalan mai suna Burkhart ya sauka Jidda a 1814, ya rubuta cewa alhazan Takari da zarar sun iso sai su kama aiki: dako daga bakin ruwa zuwa rumbunan 'yan kasuwa, ɗebo itace, saƙar tabarma da kwando. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, jama'a da yawa sun yi gabas, wasu suka zauna a Mai Wurno a Sudan, wasu suka tsallako ta Sawakin. Kakanninmu sun ɗauki kayan garin nan a kansu. Mu yau direl ne a hannunmu, to ya kamata a ce an ci gaba.

DAGA INA FILAWUD YA FITO

Dabarar liƙa siraran katako a kan juna tsohuwa ce, an samu akwatin gawa mai falle shida a Saƙƙara ta Masar tun zamanin Fir'aunoni. A 1797 wani Baturen Ingila, Samuel Bentham, ya yi rajistar hanyar yanka katako falle-falle a liƙa. Daga baya aka ƙera injin da ke juya gungume yana fere shi kamar ana ware bandir ɗin yadi. A 1905 wani kamfani ya baje kolin filawud a birnin Fotland na Amurka, aka fara sayensa don ƙofofi da kayan ɗaki. Matsalarsa a lokacin gam ne, ruwa na taɓa shi sai fallayen su rabu. Sai a 1934 wani masanin sinadarai, James Nevin, ya haɗa gam ɗin da ruwa ba ya ci. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, har jirgin sama Ingila ta ƙera da shi, mai suna Mosquito. A gida Najeriya ma, kamfanin UAC ya kafa babbar masana'antar katako da filawud a Sapele a ƙarshen shekarun 1940.

Girman da muka sani, 122 a 244 na santimita, ƙafa 4 ne a ƙafa 8 na Amurka, an daidaita shi tun 1928. Shi ya sa ake jera marabi', wato katakon da ke ɗauke da falle, a tazarar santimita 40 da ɗigo 6 daga tsakiya zuwa tsakiya. Raba 244 gida 6 ka gani. In ka jera su a haka, bakin falle zai faɗa daidai tsakiyar katako. In ka yi awon ido, bakin zai tsaya a iska, kuma nan ne ƙafar mutum za ta fara lotsawa.

Dubi gefen falle, za ka ga layuka: 5, 7, 9, 11 ko 13, yawanci mara ne. Kowane layi jijiyarsa ta gicciye ta wanda ke ƙarƙashinsa. Wannan gicciyen ne ya rage masa motsi ƙwarai, amma bai kashe motsin ba. Kuma fallen da jijiyar fuskarsa ta bi tsawo ya fi ƙarfi ta tsawon, shi ya sa ake kwantar da shi a gicciye a kan marabi', ba a bi da shi layi ɗaya da su.

SUKURU MA YANA DA TARIHI

 Da can da hannu ake goge zarensa da magagari, kowane da irin nasa, ga tsada. Wajen 1800 Henry Maudslay a Landan ya ƙera injin yanka zare daidai wa daida. Duk da haka bakin sukurun a dakushe yake, sai ka huda rami tukuna. A 1846 wani Ba'amurke, Thomas Sloan, ya fito da injin yin mai tsini wanda ke shiga da kansa.

Saura kai. Mai tsaga ɗaya yana zamewa ya yanki hannu. A 1908 Peter Robertson na Kanada ya fara yin mai rami murabba'i. A shekarun 1930 Henry Phillips, shi ma mutumin Fotland, ya kawo mai kan gicciye, kamfanin General Motors ya sa shi a motar Cadillac ta 1936, daga nan ya cika duniya. Mai tauraro shida, Torx, ya zo a 1967. Direl mai batir kuwa Black & Decker ne suka fara fito da shi a 1961. Ka ga kenan, abin da kake yi cikin daƙiƙa uku da injin hannu, bai fi shekara sittin da 'yan kai da samuwa ba. Saurin sabo ne, amma halin katako yana nan yadda yake tun zamanin takalil.

Wani zai ce, ƙusa fa? Ƙusa tana riƙewa ne da matsi kawai. A Jidda waje laima, ciki esi dare da rana. Katako ya bushe ya tsuke, ramin ƙusa ya yi mata yawa, falle ya riƙa hawa da sauka a jikinta. Ƙarar nan ta ƙiii-ƙiii da mai gida ke kira yana faɗa a kanta bayan wata shida, ita ce. Sukuru zarensa yana cizon katako, yana jawo falle ya kwanta. Amma kada ka raina ƙusa. Ita lanƙwasa take yi, shi kuwa sukuru na gama-gari karyewa yake yi farat ɗaya. Wajen haɗa ƙashin bene, inda nauyi ke turawa ta gefe, ƙusa ce ko kusoshi masu noti ko sukurun da aka yi musamman don haka. A aikin najjar musallah kuma, da yake za a ɓalle katakon bayan kankare ya kama, ƙusa ce da gidanta.

ƘA'IDOJIN, DA DALILINSU

1. Kada ka sauke falle daga mota ka ɗaure nan take. Ka bar shi kwance a ɗakin da za a yi aikin kamar kwana 2, a ɗora shi a kan katako, ya saba da iskar wurin.

2. Bar tazarar milimita 3 tsakanin falle da falle ta kowane gefe, da kamar santimita 1 a jikin bango. Ka sa ƙusa a tsakani ta zama ma'auni. Wannan shi ne kwarmin rawashin na zamaninmu. Ruwan 25 ga Nuwamba 2009 ya kashe mutum sama da 120 a garin nan, na 24 ga Nuwamba 2022 kuma ya kai milimita 179 cikin awa 6. Garin da ake cewa ba a ruwa kenan. Ko ba ambaliya, yoyon esi kaɗai ya isa ya kumbura falle, in babu tazara sai ya yi tozo.

3. Kada bakin fallaye ya haɗu a layi ɗaya. Layi na biyu ka fara da rabin falle, kamar yadda magini ke jera bulo.

4. Tazarar sukuru: santimita 15 a baki, 30 a tsakiya, kuma ka ja baya da santimita 1 daga gefe don kada ya fasa. In marabi' suna tazarar 40, falle ɗaya zai ci wajen sukuru 43. Mai sa 12 ya ce ya gama, wallahi bai gama ba. Ka buga layin alli a kan kowane katako don kada ka yi ta harbin iska. Wanda ya kuskure katako, cire shi, kada ka bar shi a ciki.

5. Tsawo: filawud mai milimita 18 yana son sukuru mai 50, don wajen 30 ya shiga katakon ƙasa. Kafin ka sa wanda ya fi haka, leƙa ka ga ko akwai wayar wuta ko bututun ruwa a ƙasa.

6. Baƙin sukurun nan na jibsin bod, kada ka kusance shi a aikin daɓe. Siriri ne, gautsi gare shi, an yi shi ne don riƙe allon silin da bango, kuma yana tsatsa da wuri. Na san shi ne a warwatse a kowane wurin aiki, kuma shi ne mai araha. Araha ba ta ado.

7. Kan sukuru ya kwanta daidai da fuskar falle, ko ya ɗan nutse kaɗan. In ka danna har ya huda fallen sama, ka kashe rabin riƙonsa. Zoben lambobin da ke wuyan direl don haka aka yi shi, ka saita. Kuma ka bambance baki: PH na Phillips ne, PZ kuma yana da ƙananan layuka huɗu tsakanin gicciyen. Sa wannan a kan wancan shi ke cinye kai.

8. In da hali, ka zuba gam na gini a kan marabi' kafin ka kwantar da falle, ka ɗaure kafin ya bushe. Gam da sukuru tare su ne maganin ƙara. Amma baƙin filawud mai santsi na zuba kankare, gam ba ya kama fuskarsa, wanda kuma aka riga aka yi aiki da shi sau da yawa ya sha ruwa ya gaji. Kada a ba ka shi a ce ka yi bene.

9. Benen shago yawanci ƙashinsa ƙarfe ne. Nan sai sukuru mai bakin huda, kuma mai 'yan fukafukai, waɗanda ke buɗa katako su karye in sun isa ƙarfe.

10. Katakon waje, na istiraha ko bakin ruwa kamar Obhur: sukuru 2 a kan kowane katakon ƙasa, tazarar kamar milimita 5 tsakanin alluna don ruwa ya wuce, katako mai tauri kuma a huda masa rami tukuna. Kusa da teku sitenles mai lamba 316 ake so. Katakon nan mai kore-kore da aka jiƙa da maganin gara, tun ƙarshen 2003 Amurka ta daina sa tsohon maganin mai arsenik a katakon gidaje, na yanzu tagulla ta fi yawa a ciki, tana cinye ƙarfe na gama-gari da sauri. Kuma don Allah kada a hura wutar girki ko gashin nama da guntayensa, hayaƙin guba ne.

WANDA YA FI KOMAI

Fallen da aka ajiye ba a ɗaure ba tarko ne. A wurin gini akan rufe ramin lifta ko na bututu da guntun filawud. Wani ya zo ya ga katako a ƙasa, ya ɗaga ta gaba, ya taka ya bi, fallen ya tare masa gani, sai ƙasa. A dokar aikin Amurka dole ne murfin rami ya iya ɗaukar ninki biyu na nauyin da zai hau shi, a ɗaure shi, a yi masa alama. Kai ma ka ɗaure, ka rubuta KHAƊAR da jan fenti. Duk fallen da ka kwantar a bene, sa masa ko da sukuru 4 a kusurwa kafin ka juya baya, ko da ruwa za ka sha ka dawo. Kuma kada ka yarda a jibge buhunan kaya a benen da ba a gama ɗaurewa ba.

MAGANAR HAƘƘI

Aikinmu ɓoyayye ne, kafet ko tayil na hawa kai shikenan. Saboda haka kafin a rufe, ɗauki hoto da bidiyo, ka ajiye tef a kai tazarar ta fito. In an yi jinga da mita, a rubuta a WhatsApp: kaurin falle, irin sukuru, wa zai saya, nawa ne mita. In mai aiki ya nace sai an sa baƙin sukuru, gaya masa illar a rubuce cikin ladabi. Ranar da bene ya lotsa, baƙo ake fara nunawa da yatsa, kuma ba sunanka za a kira ba, cewa za a yi aikin Takari ne.

Wanda ke da iƙama da kwantiragi, ya tabbatar an sa shi a Qiwa. Inshorar raunin aiki ta GOSI ta haɗa da baƙi, kashi 2 cikin 100 ne, kuma mai aiki ke biya, ba daga albashinka ba. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki cikin rana daga 12 zuwa 3. In an hana ka kuɗinka, ana farawa da sulhu a ofishin ƙwadago, in bai yiwu ba a wuce kotun ma'aikata. Yi wa wani aiki ba wanda ya ɗauke ka ba kuwa laifi ne a dokar ƙasar nan, kowa ya san Shumaisi. Mai aiki ba takarda, in ya faɗo daga bene babu inshora, babu ƙara, sai karo-karon 'yan'uwa. Shi ya fi kowa buƙatar kiyaye abin da na lissafa.

Tun da UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014 ake ta gyaran tsofaffin gidaje, a 2019 ma an ware riyal miliyan 50 don gidaje 56. In Allah ya kai ka irin wannan aiki, kada ka danna sukuru ko ɗaya a tsohon katako sai muhandis ya ce. Ka buɗe ido ka koyi yadda aka haɗa shi, da tsohuwar zuma ake magani. Tun 2021 kuma an fara yi wa masu sana'ar hannu jarrabawar ƙwarewa, kafintan da ya san dalilin aikinsa shi zai tsaya.

Manyanmu da suka daɗe a sana'ar, ku ƙara mana abin da na bari. Matasa kuma, gobe in ka isa wurin aiki, fara duba kwalin sukurun da aka ba ka, ka ƙirga nawa ke cikin fallen da ka ɗaure jiya. A tura wa ɗan'uwa da ke wannan aiki. Allah ya tsare mu daga haɗari, ya sa albarka a neman, ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.